Na Kai Ki Yaye, Ban Koma Ba

Gwarzo, Talata da hantsi

Safiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Innarki, ina gaida mutanen Gammo baki ɗaya. Ina fatan kuna lafiya, shiri kuma yana tafiya yadda kuke so. Allah ya sa wannan tafiya taki ta Kalaba ta zama alheri, ya tsare ki a hanya, ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

"Rakiya, wace ce waccan tsohuwar a kujerar gaba?"

Daga nan zan fara, don daga nan abin ya fito fili. Ke ba ki ji tambayar ba, kina ciki ana ɗaura miki ɗankwali. Ƙawata Hajiya Turai ce ta raɗa mini ita ranar walimar da na shirya miki ta kammala karatun likita, mako shida ke nan. Na waiwaya, sai ga Yaya Dije, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda kike kira Inna. Tana zaune a kujerar da aka liƙa wa takarda mai cewa "Mahaifiyar Likita", ƙwaryar fura a gaban ƙafarta an rufe da faifai. Kowace mace a rumfar tana cikin anko ban da ita, saboda ban aika mata ba. A lokacin na ce wa kaina mantuwa ce. Mata fiye da hamsin na aika wa ban manta ba.

Abin da na ce da Turai shi ne, "'Yar'uwarmu ce ta ƙauye, ita ta yi mana rainonta." Ki duba maganar da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na daɗe da ƙwarewa a wannan sana'a, in faɗi gaskiya yadda za ta yi mini aikin ƙarya. Turai ta ɗauka 'yar aiki ce, ni kuma na bar ta a haka.

Ta ce, "To ai matar ciyaman tana hanya. A ina za ta zauna?"

Sai na je na durƙusa a gefen Yaya kamar ƙanwar kirki, na ce, "Yaya, don Allah zo ki duba mana masu girkin nan, shinkafa za ta kama, ba mai iyawa da su sai ke." Ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce, "To, Rakiya."

Ban kore ta ba. Mu 'yan boko ba ma korar mutum, aiki muke ba shi.

Sauran kin fi ni sani. Ashe ke kika kamo hannunta kika zaunar da ita a wurin. Da aka miƙa miki abin magana kika dubi kujerar, kika ga matar ciyaman tana fifita da katin gayyata. Kika ce, "Ina Inna?" Ba wanda ya amsa, don yawancin baƙina ba su san kina da wata Inna ba. Kika mayar wa mai gabatarwa abinsa, kika ratsa rumfa da rigarki ta kammala karatu, kika je can wajen murhu kika zauna a tabarma kusa da ita. Da yamma kuka hau a-kori-kurar da ta kawo ta, kuka tafi.

Tun daga ranar ba ki yi mini rashin kunya ba. Da ma kin yi. Duk Juma'a kina bugowa: "Anti, ina kwana, ya gida, ya ƙannena, Allah ya ƙara lafiya." Gaisuwar da ake yi wa maƙwabciyar da ba a saba da ita ba. A ta ƙarshe kika ce ranar Asabar daga Gammo za ki tashi, za ki kira ni daga hanya. Na san hanyar. Wanda ya fito Gammo ya faɗa Kabo, Kano yake fuskanta, Gwarzo tana bayansa. Ba mai biyowa ta nan sai da niyya. Abin da ya hana ni sukuni ke nan: za ki yi shekara guda a kudu kina hidimar ƙasa, wataƙila ki zarce, ba ki zo na sa miki albarka ido da ido ba.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Na sani. Amma goran nan shekara ashirin da huɗu yana rataye ban taɓa shi ba, ki yi haƙuri da sautin fafewar. Ba labarin gari zan ba ki ba. Kurakuraina zan jera miki, don su kaɗai ne dukiyar da na tabbata tawa ce, kuma za su fi yi miki amfani a can fiye da leshi.

Nasiha ta farko daga rumfar nan take. In kika ji kanki kina yi wa wani bayanin danginki, kina zaɓen kalmomi kamar mai tsintar shinkafa, to ki tashi daga wurin, ba wurinki ba ne. Kuma ki fi jin tsoron gaskiyar da aka gyara wa zama fiye da ƙarya tsagwaronta. Maƙaryaci ya san abin da ya yi, zai iya tuba. Irina kuwa sai ya kwana yana ganin bai faɗi komai ba.

Amma abin ya girmi walima. Kina da shekara biyu ba 'yan watanni aka ce lokacin yaye ya yi. Innarmu ta riga ta rasu, sai aka kai ki wajen Yaya a Gammo, kamar yadda kowa yake kai nasa wajen kaka ko goggo, ya yi 'yan kwanaki ya manta nono a ɗauko shi. A cikin kwanakin nan takardar shigata jami'a ta iso. Yaya kuwa, kin sani, huɗu ta haifa babu wanda ya rayu. Na zauna na auna. Ga yarinya ta daina kuka, ga Yaya tana dariya karo na farko cikin shekaru, ga jami'a. Ban taɓa zama da kowa na ce na ba da ke ba. Shiru kawai na yi, ban je ɗauka ba.

Babanki, Allah ya jiƙansa, yakan ce, "Rakiya, yaushe za mu ɗauko yarinyar nan?"

In ce, "Malam, bari in gama wannan zangon."

Zango ya ƙare, wani ya shigo. Digiri ya ƙare, na ce bari in gama hidimar ƙasa. Na kama aikin koyarwa, na ce bari in zauna da gindina. Aka haifi ƙannenki, na ce gida ya yi mana kaɗan. Da dalilai suka ƙare sai na samo wanda ba ya ƙarewa: ai ta riga ta saba, zalunci ne a raba ta da Yaya. Daga nan ya daina tambaya. Ya koma hawa babur ɗinsa duk Juma'a bayan masallaci ya tafi Gammo shi kaɗai, ya dawo da labarinki, ni kuma in saurara ina maka jan biro a littattafan 'ya'yan wasu.

Abin dariyar, duk dangi yabona suke yi. "Allah ya yi wa Rakiya albarka, ta share wa yayarta hawaye." Na karɓi albarkar na sa a jaka. Abin da ya fi wannan ban dariya, kundin kammala digirina a kan al'adar riƙo na rubuta shi, da yadda take tauye 'ya'ya mata a ƙauyuka. Na yi hira da mata da yawa a Kabo da kewaye. Malamina ya ce ina da ido. Gidan da na fi sani ne kawai ban shiga da takardar tambayoyi ba.

Kada ki fahimce ni a baibai. Ba na nadamar karatu. A gidanmu mutum ɗaya aka iya sakewa ya je makaranta, Yaya ta ɗauki ƙwaryar nono ni na ɗauki jaka, kuma da za a maimaita zan sake ɗauka. Mata nawa suka yi jami'a da goyo a baya? Na gan su, na zauna aji ɗaya da su, ina yi musu kallon tausayi. Abin da nake nadama shi ne "bari in gama". Buri ba ya cewa ki yar da kowa, ya fi haka wayo. Cewa yake ki ajiye shi tukuna. Ki yi buri, Safiyya, ki zama babbar likita in Allah ya so, amma duk wanda kika ce wa "bari in gama", ki sa masa rana, ki faɗe ta a gaban shaida. Kuma ki ji tsoron yabon da aka yi miki a kan abin da kika yi don kanki. Shi ne yake rufe ƙofar gyara, don ba mai son ya mayar da kyautar da aka ba shi a bainar jama'a.

Kin ga na rubuta sunanki a saman takardar nan. Ina jin wannan ne karo na farko da na kira ki da shi kai tsaye. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", ko "'yar Gammo" in ina cikin raha. Kowa ya ce kunyar ɗan fari ce, mu kuma jinin masu shanu an san mu da ita. Ni da na yi wa kowace al'ada dariya a ɗakin malamai, na ce camfi ne, na ce ci baya ne, wannan guda ɗaya na riƙe ta hannu biyu. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa ita kaɗai ta tsira ba.

Na ga kunya ta gaske, shi ya sa na san tawa jabu ce. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta kira sunan Yaya ba, amma in Yaya ta kwanta zazzaɓi Inna ba ta iya haɗiye tuwo. Ita so ne ya yi mata yawa take rufe shi da faifai. Ni faifan nake nunawa don kada a leƙa ƙwaryar.

Kin tuna sallar da aka kawo ki Gwarzo kina shekara tara? Matan manyan ma'aikata suna falona. Kika shigo da farantin cincin, kika durƙusa har ƙasa kina jero gaisuwa irin ta Gammo, har da tambayar dabbobi. Suka yi dariya. Ni ba gaisuwar nake ji ba, kaushin diddigenki nake kallo a kan kafet. Ɗaya ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "'Yar Yayata ce."

Wata da ta san gidanmu ta ce, "Kai, Hajiya, an iya alkunya." Aka sake dariya, magana ta wuce a matsayin ladabi. Ke kika ajiye farantin kika fita. Washegari kika ce a mayar da ke, na ce ƙiwa ce irin ta 'ya'yan ƙauye. Tun daga sallar nan kike ce mini Anti, ban gyara miki ba ko sau ɗaya. In faɗa miki gaskiya, daɗi ma na ji, yana rage mini shekaru.

To ki kula da wannan a kanki da a kan mutane. Kowa yana da al'ada ɗaya, ko aya ɗaya, ko ƙa'idar aiki ɗaya da yake riƙewa fiye da sauran. Ki duba wace ce, sannan ki duba me take ɓoye masa. Yawanci ba don ta fi tsarki ya zaɓe ta ba, don ta yi daidai da jikinsa ne. Kuma yaro yana ji. Duk abin da kika faɗa a kansa kina ganin bai kai ba, ajiya kika ba shi, zai kawo miki ita cif ranar da kike da baƙi.

Za ki so ki san me ya sa na dage sai an yi walimar, ke da kika ce addu'a a gida ta isa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina shugabar makarantar 'yan mata. Zaurena ba ya rabo da takalma. Mai neman gurbi, mai neman canjin wurin aiki, mai zuwa gaisuwa kawai wanda sai ya miƙe zai tafi yake tuna abin da ya kawo shi. Akwai wani bawan Allah daga Madadi, duk damina sai ya kawo mini kwandon ƙwan zabi, yana cewa, "Hajiya, ai ke uwa ce." Daminar farko bayan na yi ritaya na gamu da shi a bakin layinmu.

Na ce, "Malam, kwana biyu."

Ya ce, "Wallahi Hajiya, bana zabin ba su yi abin kirki ba."

Kwandon yana ɗaure a bayan babur ɗinsa, ina hango ƙwan ta tsakanin ciyawa. Na ce Allah ya kyauta, ya ce amin, ya miƙe sai gidan sabuwar shugaba. Ban ji haushinsa ba. Mutumin bai canja ba ko kaɗan. Kujera yake kai wa ƙwai, kujera kuwa tana nan, ni ce na tashi.

Sai dai sanin abu daban, haƙuri da shi daban. Zaure ya yi shiru, har tabarmarsa na sa aka naɗe. Ranar da sakamakonki ya fito, abin da ya fara faɗo mini a rai kafin hamdala shi ne jerin sunayen waɗanda zan gayyata. So nake su dawo, ko na yini ɗaya, su ga cewa Rakiya ba ta ƙare ba, tana da likita. Walimar tawa ce, ke ado ce a cikinta, kamar kujeru da rumfa. Shi ya sa da na ga wata a kujerar uwa, ban ga Yaya ba, wadda ta zo ƙwace mini ranata na gani.

Ke ma za a fara kawo miki ƙwai. Farar riga ta fi kujerar shugabar makaranta jan mutane. Za a ce miki Dakta da baki mai zaƙi, dattijo sa'an kakanki zai miƙe in kin shigo. Ki karɓa da fara'a, kada ki raina su, bukata ce, kuma kowa da tasa. Amma in kin koma masauki kin rataye rigar, ki tsaya ki dube ta a jikin ƙusa, ki tuna ita aka gaisar. Ki ƙirga mutanen da za su zo in rigar ta ɓata. In sun kai uku ke mai arziki ce. Kada ki tashi ɗaya daga cikinsu don matar ciyaman. Matar ciyaman ɗin ma ba ta kai ƙarshen taro ba, kuma na ji daga baya tana tambaya wai bikin aure ne ko suna.

Ita kuwa Turai, kada ki riƙe ta a rai. Tambaya ta yi, amsar tawa ce. Shekara talatin muna ƙawance, ban taɓa shiga gidanta ba kwalliya ba, ita ma haka. In ta yi sabon labule na sani kafin mako, in na sake mota ta san shekarar da aka ƙera ta. Mun je wa juna biki da gaisuwar mutuwa ba fashi, amma ban taɓa gaya mata abin da yake damuna ba, don na san za ta tausaya mini, tausayin kuma zai yi mata daɗi. Ni ma da nata. Ba ƙiyayya ba ce, awo ne. Irin wannan ƙawance ya cika gari, har ana yi masa anko. Ki nemi ƙawar da za ki iya buɗe wa ƙofa da ɗaurin ƙirji, tukunya ba a wanke ba. In ba ki samu ba ki zauna ke kaɗai, ya fi arha.

Saura guda ɗaya, kuma ita ce za ki fi jin haushi. Gaisuwar nan taki ta Juma'a, na san ta. Tawa ce. Da ita na gaida Yaya shekara da shekaru: cikakkiya, ba inda za a kama ta da laifi, ba kuma inda za a shiga ta cikinta. Kin tashi a hannun Yaya, kin ɗauko haƙurinta da tsabtarta, amma wannan sanyin a nono kika sha shi. Kina da gaskiya a kaina, ban musa ba. Sai dai mai gaskiya ma yana da nasa girman kan, kuma ya fi wuyar magani, don ba mai iya ce masa ya yi kuskure. Wata rana za ki yi aure, za ki yi abokan aiki, wani zai ɓata miki. Ki yi faɗa, ki ɗaga murya in ta kama, a ba ki haƙuri ko ki ba da. Kada ki hukunta mutum da ladabi. Na gwada, yana aiki sosai, shi ne matsalarsa.

Gammo, Alhamis bayan azahar

Na yi niyyar aiko da takardar, sai na ga wannan ma wani "bari in gama" ne. Na bugo wa Yaya da safe na ce ina tafe, na taho da kaina.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe miki kuka. Ga daddawa, ga busasshiyar kuɓewa, ga yaji, an ƙuƙƙulle, kamar an gaya mata a Kalaba ba a cin abinci. Ta ɗago ta ce, "A'a, Malama da kanta. Ko shinkafar ce ta sake kamawa?"

Na jawo 'yar kujera na zauna. Muka gaisa, na tambayi gona, na tambayi shanu, ta tambayi ƙannenki ɗaya bayan ɗaya. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Yaya, na zo ki yafe mini."

"Me kika yi?"

"Kin sani."

"Na sani. So nake in ji ko ke kin sani."

Na yi jawabi a gaban ɗaruruwan iyaye ban taɓa neman kalma na rasa ba. Yau sai da na dubi ƙasa. Na ce, "Na tashe ki daga kujerarki don na ji kunyar zaninki a gaban baƙina."

Ta ci gaba da tankaɗe. Ta ce, "Zanin kuwa sau biyu na taɓa ɗaura shi." Can ta ce, "Na je na tarar shinkafa lafiya lau, har an sauke. Na zauna ne don in na dawo ke za ki ji kunya, ga mutane. Kujerar ma ba wani daɗi gare ta ba, roba ce, sai zamewa nake. Na yafe tun a mota, Rakiya. Ita ce ba ta yafe ba, ita kuma ba ni da iko da cikinta."

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ta ajiye rariyar, ta karkaɗe hannu, ta ce, "Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, karɓi nawa. In kin zo da hutu da can, sau nawa kike tarar da ita a gida?"

Na yi tunani. Na ce ba sau da yawa ba. Kullum an ce kin kai abinci gona, ko kin bi wata mata zuwa garin Gude kai saƙo.

Ta ce, "Ni nake aikenta. Da an ce ga Rakiya tafe sai in nemo aike mai nisa. Tsoro nake ta gan ki da takalmi mai tsini, kina ƙamshi, ta ce za ta bi ki. Huɗu na ba ƙasa, ban ga dalilin da zan ba ki ta biyar ba. Ki rubuta mata wannan ma, tunda ke kika iya rubutu. Ni bakina ba zai iya ba."

Ga shi na rubuta, da izininta. Zan ƙara da nawa rabin, don kada nata ya tsaya shi kaɗai: duk ranar da na zo na tarar ba kya nan, sauƙi nake ji. Na zo, an gan ni, na ajiye tsaraba, na koma kafin magariba. Ita tana ɓoye ki, ni ba na nema. A haka muka raine ki, kowa yana yaba zumuncinmu.

Ban faɗa miki don ki rage mata komai ba. Wanda ya yi miki wayo don kada ya rasa ki ba ɗaya yake da wanda ya yi wayo don ya huta ba. Na faɗa ne don ki tafi da sanin cewa ba waliyyi a cikin masu sonki, kuma ba za ki gamu da shi a can ba. Mutum yakan so ki ya cuce ki a cikin aike guda. In kika ce sai mai tsarki za ki riƙa, hannunki zai zauna ba kowa.

Na ce, "Yau fa, ina take?"

Ta ce, "Da ta ji kin bugo, ta ɗauki mayafi ta ce za ta Kabo karɓo ɗinki." Ta nuna mini ɗaki da haɓa. Ta ƙofa na hango kaya a ninke a kan gado, sababbi, ko zaren tela ba a cire ba. "Tun jiya aka kawo. Yau dai ba ni na aike ta ba."

A ɗakin nake zaune yanzu, a bakin gadon, ina ƙarasa wannan a kan cinyata. Akwai abin da ban gaya miki ba. Na riga na yi wa mata magana, mota uku, za mu raka ki filin jirgi ranar Asabar in kin biyo ta Gwarzo, har mai hoto na tanada. Ɗazu na buga na ce an fasa. Turai ta tambayi dalili, na ce mata 'yata daga gidan uwarta za ta tashi. Ina jin tana lissafi, na bar ta da shi.

Ba na roƙonki ki biyo. Ki tashi daga nan, hannun da ya yi miki wanka shi ya kamata ya ɗaga miki. Albarkar da na so in sa miki ido da ido, ga ta a rubuce, ba ta da sharaɗi. Allah ya yi miki albarka, Safiyya. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, da sharrin mai yabo da na mai zagi. Allah ya sa waraka a hannunki, ya ba ki haƙuri da marasa lafiya da masu lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki riƙa kiran Innarki kullum, ba ta iya karanta saƙo ba, murya take so. Allah ya dawo da ke ki tarar da mu da rai, in kuma ba ki tarar ba, na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da zan yafe ba.

An kira la'asar. Na san kina wani gida a Kabo kina jiran a ce miki mota ta tashi, ga shiri a gabanki, bai kamata in cinye miki yinin ba. Yaya ta fita alwala, ta ce in na gama in ja mata ƙofa saboda kaji. Zan ɗora takardar a kan ɗinkin, in ja ƙofar, in tafi, ki samu ki dawo gida.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rakiya